Bencin Baya

A cocin ƙauyenmu akwai wani benci da ba a so. Yana can baya jikin ƙofa, inda rana take shigowa ta gasa mutum tun kafin a gama waƙar farko. Ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, sai an tokare ta da dutse. Nan wanda dattawan ikkilisiya suka sa a horo yake zama. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, sai a kira shi gaban jama'a ran Lahadi a ce ya koma baya. Zai riƙa zuwa sujada, amma ba ya waƙa a gaba, ba ya jan addu'a, kuma ran Jibin Ubangiji farantin burodi da ƙananan kofunan zoɓo ba sa kaiwa inda yake. Yayana ya yi shekara ɗaya da wata uku a kan bencin nan, kuma mahaifinmu ne ya ɗora shi.

Mu Hausawa ne Kirista, 'yan gidaje kaɗan a wani ƙauye da ke gefen hanyar Daura zuwa Zango. Gero ɗaya muke nomawa da maƙwabtanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke ja. Su aiko mana da nama ran Babbar Salla, mu aika musu da shinkafa da kaji ran Kirsimeti, Baba ma sai ya kira ɗayansu ya yanka kajin don kowa ya ci hankali kwance. Baba shi ne babban dattijon coci. Ba mu da fasto zaunanne. Wani tsohon Rabaran ne yake zuwa daga Daura a kan babur duk bayan wata uku ya ba mu jibi, kuma a ranar ce kaɗai ake ɗauke wa mutum horo.

Ban taɓa ganin mutum mai tsoron aibu irin Baba ba. In yana huɗa, sai ya bar kunya guda ga maƙwabcin gona, don kada wata rana a ce ya ci iyaka. Akuyar wani ta shigo ta haihu a garkenmu, ya yi kwana uku yana yawon cigiya da ɗan a kafaɗa. Ya hana mu rantsuwa, ya hana mu ƙarya ko ta wasa. A dandali Musulmi sukan ce, "Wannan bawan Allah, salla kawai ta rage masa." Sai ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Amma ni 'yarsa ce, na san maganar tana masa daɗi har cikin ƙashi.

Akwai aya guda da ya fi riƙewa a duk Littafi Mai Tsarki, wadda Almasihu ya ce wa almajiransa su zama cikakku yadda Ubansu na sama yake cikakke. Ya ja mata layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa. A wurin Baba ma'anarta a fili take: kada a same ka da laifi, ko ɗaya, ko yaushe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, gaskiya babu wanda ya taɓa mu. Mai gari da kansa ya ce abin bai hau kanmu ba, mu ci gaba da ibadarmu. Amma ido ya ƙaru. Mashayar da ke bakin titi ta rufe, samari masu sa ido suka fara tare hanya suna duba kaya. Baba ya tara mu a tsakar gida bayan cin tuwo ya ce, "Yanzu kowa kallonmu yake. Mu kamar farin zane ne a kusa da manja, ɗigo ɗaya ya isa. In ɗayanku ya yi abin kunya, ba za a ce wane ya yi ba, za a ce ga halin Kirista." Yana magana yana kallon bangon rumbu, amma duk mun san da wa yake.

Yaya shi ne ɗan fari, kuma iyayenmu sun riƙe kunyar ɗan fari yadda kakanni suka bar musu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Inna ma haka, ita har ta fi. "Wancan" suke cewa, ko "yaron nan," alhali yana da gemu. Ba sa zama su yi hira da shi, ba sa yabonsa a gaban idonsa. In Baba yana da saƙo, ni yake kira: "Ke, gaya wa wancan gobe akwai shara a gonar fadama," ko da kuwa Yaya yana zaune taku uku daga wurin. Ni ce wayar gidan. Aikin ya dace da ni, don tun ina ƙarama magana ba ta kwana a cikina. Inna takan ce da za a ɗinke bakina, da ta kunne zan riƙa zuba.

Shi kuwa Yaya, dariya da ganga. Shi ke kaɗa ganga a coci, kuma in ya sa hannu har tsofaffin da gwiwa ta hana su tashi sai ka ga kafaɗunsu na motsi. Da damina yana gona, da rani yana acaɓa tsakanin Zango da Daura. Yana da yarinyar da yake nema a wani ƙauyen Kirista ta wajen Sandamu, an ma kai gaisuwa.

Wata rana da rani wani mutum ya ɗaura masa buhun dusa ya ce ya kai wani gida a Daura. Yaya ya san abin da ke ciki, bai taɓa musu ba. Kwalaben giya ne a binne cikin dusar. Masu sa ido suka tare shi, suka ji ƙarar kwalba, suka zazzage buhun a bakin titi. Da suka gane ɗan wane ne, ba su kai shi ko'ina ba sai ƙofar mai gari. Mai gari ya sa aka fasa kwalaben, ya dube shi ya ce, "Tafi gida. Darajar mahaifinka ce ta cece ka."

Wannan kalma ita ta kashe Baba. Da bulala aka yi wa Yaya, ina jin da abin ya zo wa Baba da sauƙi. Kwana biyu bai leƙa dandali ba. Ran Lahadi ya miƙe gaban jama'a, ya buɗe baki, kuma karo na farko a rayuwata na ji sunan Yaya a bakin Baba. Ya faɗe shi cikakke, ya faɗi laifin, ya ce an sa shi a horo. Yaya ya sauke gangar daga kafaɗa, ya rataye ta a ƙusa, ya taka har baya ya zauna. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

A al'adar cocinmu irin wannan laifi wata uku ne. Mutum ya nuna tuba, ran jibi ya tsaya ya roƙi gafarar jama'a, a yi masa addu'a, ya koma gaba. Yaya bai taɓa fashin Lahadi ba. Yakan riga kowa zuwa, ya gyara dutsen ƙafar bencin, ya zauna. In ana waƙa wani saurayi yana ta ɓata kiɗa a gaba, in na waiwaya sai in ga yatsun Yaya suna bugun katako a hankali, suna gyara kiɗan da ba mai ji sai shi.

Wata uku suka cika, Rabaran ya zo, dattawa suka zauna a gindin darbejiya. Sauran dattawa biyu suka ce a ɗauke. Baba ya ce bai kai ba tukuna, an ga yaron yana dariya da 'yan tasha kamar ba abin da ya faru. Bayan wata uku kuma ya ce an ji warin taba a rigarsa. Haba! Mutumin da ke ɗaukar fasinja iri-iri a bayansa daga safe har yamma? Karo na uku ya ce ya makara sujadar Laraba sau biyu. Dattawan ba su iya ja da shi ba. Ɗansa ne, kuma wa zai ce wa mutum irin Baba ya sassauta wa nasa? A tsakanin nan iyayen yarinyar suka aiko cewa ba za su ba da 'yarsu ga wanda ke horo ba, coci ma ba za ta ɗaura ba. Kafin kaka ta auri wani. Daga nan Yaya ya rage cin abinci.

Ni ce na kasa haƙuri. Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyen gaba, ina jin kaina da ilimi. Wata ranar Asabar na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiyar shanu, na ɗauko Littafinsa na buɗe wurin jan layin.

Na ce, "Baba, ka taɓa karanta abin da ke saman ayar nan?"

Ya ce, "Tun ba a haife ki ba."

Na ce, "To ai maganar rana da ruwan sama ake yi. An ce Allah yana fito da rana a kan mugu da nagari, yana zubo ruwa a gonar mai gaskiya da ta marar gaskiya. Daga nan aka ce ku zama cikakku kamarsa. Ni abin da na gani, cikar da ake nufi ita ce alherin da ba ya tsallake kowa. Bana da aka yi ruwa, ka ga ya tsallake gonar Yaya?"

Bai ɗago ba. Na ƙara da cewa Littafin nan dai ya ce duk wanda ya ce ba shi da zunubi kansa yake ruɗi, kuma Mutum ɗaya tak, Almasihu, aka shaida bai yi zunubi ba, shi ma da masu zunubi yake cin abinci. Na ce, "In sai marar aibu zai ci jibi, Baba, a mayar da farantin Daura, mu duka mu koma bencin baya mu matsu."

Sai ya ajiye igiyar. Na zaci faɗa zai yi, amma muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito. Ya ce, "Ke kina ganin daɗi nake ji? In na ɗauke masa da wuri, za a ce don ɗansa ne. Cocin nan ba katanga gare ta ba, ba hukuma gare ta ba. Abin da ya tsare ta shi ne ba a taɓa kama mu da rashin gaskiya ba. So nake in mayar da shi gaba yadda babu mai iya nuna shi da yatsa."

Na ce, "To sai dai ka mayar da gawarsa, don mai rai ba ya rasa abin nunawa."

Allah ya gafarta mini wannan baki nawa. Karo na huɗu ma Baba bai ɗauke ba, kuma mun yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ban san abin da ya sauko da shi ba. Wataƙila ramar da Yaya ya yi ce, wataƙila tsohon Rabaran ne ya yi masa magana. Ran Larabar da ta rage kwana huɗu a yi jibi na biyar, ya dawo daga zaman dattawa ya kira ni bayan rumbu. Ya ce, "Ki ɗauko farar rigar wancan ki wanke, ki sa mata bula, ki goge. Ran Lahadi zai koma gaba." Na buɗe baki zan yi guɗa, ya ɗaga hannu. "Ki rufe bakin nan naki. A gaban jama'a aka sa shi, a gaban jama'a za a ɗauke. Kada ya ji daga wurinki."

Shi ba zai iya gaya masa ba, kunya ba za ta bari ba. Inna ma haka. Hanya ɗaya ce labari yake bi ya kai ga Yaya a gidan nan, ni ce, kuma an toshe ta.

Ran Juma'a da rana Yaya ya shigo shan ruwa ya tarar da ni ina zuba gawayi a dutsen guga, rigarsa a shimfiɗe kan tabarma. Ya ce, "Ke kuma wa ya sa ki? Ko miji kika samo mini?" Na ce rigar ce ta yi datti a akwati. Ya zauna kan turmi yana shan fura, can ya ce, "Jibi ran Lahadi ko?" Na ce e. Ya ce, "Ni na daina sa rai. Ina jin Baba ya riga ya cire ni daga zuciyarsa, bencin ne kawai ya rage mu gaisa da shi." Ya yi 'yar dariya.

Maganar ta zo mini har kan harshe. Na ji ta kamar garwashi a baki. Amma na ce a raina, yau dai ɗaya bari in yi abin da aka ce, in nuna wa Baba ni ma ina iya riƙe amana. Kuma kada in ɓoye, ina son in ga fuskarsa ran Lahadi idan an kira shi ba zato. Na riga na shirya inda zan zauna don in gani da kyau. Sai na ce, "Kai dai sha furarka." Ya shanye, ya ajiye ƙwaryar, ya buga babur ya fita.

Ran Asabar da la'asar, tayar wata motar haya ta fashe a hanyar Zango, motar ta kwaso ta haɗa da shi. Kafin a kai shi asibiti a Daura ya cika. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka fara isa wurin, su suka rufe shi da mayafi, su kuma suka kama mana haƙan kabari da sassafe.

Rabaran ya iso ran Lahadi da burodin jibi a jakarsa, ya tarar da makoki. Rigar da na goge ita aka sa wa Yaya. A al'adarmu wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da shi coci, ba a yi masa waƙa, addu'a kawai ake yi a bakin kabari. Rabaran ya tambaya a hankali yadda za a yi. Baba ya ce, "Tun ran Laraba muka ɗauke masa." Dattawan biyu suka shaida. Aka shigar da shi har gaba, aka ajiye shi daidai ƙarƙashin ƙusar da gangarsa take rataye, aka yi waƙa ba kiɗa. Kowa ya ce an gode Allah, ya tafi a cikin zumunci. Ni kaɗai na san abin da ya faɗa a kan turmi, kuma na san da shi ya tafi.

Lahadin da ta biyo baya, Baba ya shigo coci, ya wuce kujerar dattawa bai kalle ta ba, ya juya ya koma baya. Ya gyara dutsen ƙafar bencin ya zauna. Babu wanda ya sa shi a horo, don haka babu wanda ya iya ɗauke masa. Dattawa suka roƙe shi, Rabaran ya roƙe shi, har mai gari da ya ji labari ya aiko a ba shi haƙuri. Ya ce su bar shi. In an zo jibi sai ya sunkuyar da kai. Rabaran ya taɓa karya al'ada ya kai masa farantin har baya, Baba ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Ya daina wa'azi. A dandali in an ce salla kawai ta rage masa, sai ya ce, "Ba ku san abin da ya rage mini ba," ya tashi. Shekara shida yana nan jikin ƙofa rana tana dukansa, tafin hannunsa a kan wurin da yatsun Yaya suka saba bugawa.

Ni kuma ina gaba ina cin jibi. Me zan ce? Na koya wa mahaifina ma'anar alherin da ba ya tsallake kowa, da aya da komai, sannan aka ba ni alherin a hannu in kai taku uku, na riƙe shi don ina son kallo.

A ciwonsa na ƙarshe na dawo gida jinya. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya zuwa coci. Wata safiya ina ba shi kunu da ludayi, Inna ta fita ɗiban ruwa, sai ya riƙe hannuna. Ya ce, "Zan tambaye ki abu. Shekara shida ina so in tambaya ina tsoro."

Na ce ina ji.

Ya ce, "Ran nan da na ce ki rufe bakinki. Ke ba ki taɓa riƙe magana ba tunda aka haife ki. Kin gaya masa?"

Idonsa yana kaina, yana roƙo. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana neman a bi umarni ba ragi, ga shi kwance yana fatan 'yarsa ta saɓa masa. Na tuna dukan da ya taɓa yi mini ina 'yar shekara bakwai don na ce ban sha zumar Inna ba alhali na sha. Na tuna turmin, da ƙwaryar furar.

Na ce, "Na gaya masa, Baba. Ran Juma'a, ina guga."

Ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Dariya ya yi. Ya ce a gyara masa fatar gangar."

Ya daɗe yana kallona. Ban san ko ya yarda ba, Baba ya san fuskata in ina ƙarya tun ina yarinya. Hawaye suka gangaro ta gefen idonsa suka shiga kunne. A makon nan ya aika a kira Rabaran, ya karɓi burodi da zoɓo a kan gadonsa, na tallafe masa kai ya haɗiye. Bayan kwana tara ya rasu.

Ƙaryar nan tana nan tare da ni. Ban tsaya gaban jama'a na faɗe ta ba, kuma na bincika zuciyata sau da yawa ban sami nadamarta ba. Shirun ran Juma'a nake nadama, wanda a cikinsa ban karya umarnin kowa ba. In farantin jibi ya iso gabana nakan miƙa hannu da su duka biyun, don in sai na wanku zan karɓa, ba ranar karɓa.

Abin da Baba ya faɗa a safiyar nan, bayan ya gama kallona, shi nake ji har yau. Ya saki hannuna, ya juya fuska wajen bango, ya kira sunan Yaya a hankali, karo na biyu da na taɓa ji a bakinsa. Sannan ya ce mini, "Ke dai ba kya jin magana. Allah ya yi miki albarka."